Murhun gas a gidan haya a Ingila: yaya ake amfani da shi ba tare da haɗari ba?

Maman Biyu, Leeds

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu zama a wannan ƙasa game da wani murhun gas da muka tarar a falon gidan da muka kama haya. Gidan tsoho ne, irin gidajen jan bulo da ake ginawa a jere, kuma murhun yana cikin bango a ƙarƙashin bututun hayaƙi. Gabansa a buɗe yake, babu gilashi, a cikinsa kuma an jera wasu baƙaƙen abubuwa masu kama da gawayi amma marasa nauyi. Idan aka janye wani murfin ƙarfe da ke ƙasa, ana ganin makunni guda ɗaya mai alamar tartsatsi, da alamar ƙaramin harshen wuta, da ta babba.

Ejan ɗin da ya ba mu makulli bai yi mana wani bayani ba, ya dai ce murhun yana aiki, kuma ba mu ga takardar da ke bayanin yadda ake sarrafa shi ba. Sanyi ya fara tsananta, radiyetar falon ba ta ɗumama shi sosai, shi ya sa nake son in riƙa kunna murhun da yamma. Abin da ke hana ni shi ne maigidana aikin dare yake yi, ni kaɗai nake kwana da yara biyu, ƙaramar ma yanzu take rarrafe. Akwai kuma wata ƙofar iska mai raga a jikin bango kusa da ƙasa wadda sanyi ke shigowa ta cikinta, maigidana ya ce zai liƙe ta da kwali, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da hakan ba. Sannan surukata za ta zo mana ziyara a watan Disamba, kuma a falon muke tunanin yi mata shimfiɗa. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini yadda ake kunna shi, da abin da ya kamata in kiyaye.

Baban Sadik, Bradford

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin yi daidai da kika tambaya kafin ki taɓa shi. Shawarata ita ce a jinkirta maganar yadda ake kunnawa tukuna, domin akwai haƙƙinki da doka ta ɗora a wuyan mamallakin gidan, kuma daga nan ya kamata a fara. A ƙarƙashin dokar kiyaye haɗarin gas ta 1998, wajibi ne duk mai ba da hayar gida ya sa a duba kowace na'urar gas da ya tanada a gidan, tare da bututun hayaƙinta, sau ɗaya a kowane wata 12. Wanda zai yi binciken dole ya kasance yana cikin rajistar Gas Safe, wato jerin ƙwararrun da doka ta yarda su yi aikin gas, wadda ta maye gurbin tsohuwar rajistar CORGI a shekarar 2009. Bayan binciken ana rubuta takarda, wadda mutane suka fi sani da CP12, kuma doka ta ce a miƙa wa sabon ɗan haya kwafinta kafin ya tare, wanda yake ciki kuma a ba shi cikin kwana 28 bayan kowane sabon bincike. Saboda haka maganar ejan cewa murhun yana aiki ba ta isa hujja ba.

Ki rubuta masa imel, ba kiran waya ba, domin ki sami shaida a rubuce. Ki nemi kwafin takardar, da littafin bayanin murhun, sannan ki nemi a turo wanda zai nuna miki yadda ake kunnawa da kashewa a gabanki. Idan takardar ta zo, ki duba kwanan watanta, ki kuma duba ko an ambaci murhun falon da sunansa a jerin abubuwan da aka gwada.

Abu na biyu, tun daga 1 ga Oktoban 2022 dokar Ingila ta wajabta wa masu gidajen haya sanya ƙararrawar kabon monoksaid, wato iska mai guba da wuta ke iya fitarwa, a duk ɗakin zama da ke da na'urar da ke ƙona makamashi, in ban da kukar girki ta gas. Ki duba falonki da kyau, domin mutane da yawa suna ganin ƙararrawar hayaƙi a silin sai su ɗauka ita ce, alhali aikinsu daban ne. Ita ƙofar iskar nan kuwa, ki roƙi maigida ya bar ta yadda take.

Anti Nas, Birmingham

'Yar'uwa, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali a cikin bayaninki shi ne maganar liƙe ƙofar iska da kuma kwanan Mama a falo. Ina so ki karanta wa maigida wannan amsar, domin na san ba da mugun nufi ya kawo shawarar ba, sanyi ne kawai yake son ya tare muku.

Duk abin da ke ci da wuta yana buƙatar iska. Idan iskar ta wadata, gas yakan ƙone sarai, amma idan ta yi ƙaranci, ko bututun hayaƙi ya toshe, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, ta haifar da iskar kabon monoksaid. Wannan iska ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari, ba ta sa ido yaji. Idan ta shiga huhu takan manne wa jini fiye da yadda iskar oksijin ke manne masa sau fiye da 200, ta yadda jinin zai ci gaba da zagayawa amma ba ya kai wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke bukata. Mu da muka taso a Arewa mun san wannan masifar ko da ba mu san sunanta ba, domin ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka shigar da janareta cikin gida, kuma ita ce ke sumar da wanda ya rufe ɗaki da kaskon garwashi a lokacin hunturu.

Alamominta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala mai nauyi, ƙarancin numfashi da ruɗewar tunani. Sun yi kama da na mura, shi ya sa ake yawan kuskuren ganewa a lokacin sanyi, amma akwai bambanci uku da nake koya wa mutane: babu zazzaɓi a tare da su, suna kama mutanen gida a lokaci ɗaya, kuma suna sauƙi idan an fita waje sannan su dawo idan an koma gida. Ƙananan yara, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya sun fi saurin jikkata. Jaririyar da ke rarrafe ba za ta iya ce miki kanta yana ciwo ba, sai dai ki ga tana yawan barci, ko tana amai, ko ta ƙi cin abinci.

Idan ƙararrawa ta yi kuka, ko kika ga waɗannan alamomi, ki kashe murhun, ki buɗe ƙofofi da tagogi, ki fitar da kowa waje, sannan ki kira 0800 111 999, lambar gaggawa ta gas, wadda kyauta ce kuma tana aiki dare da rana. Idan wani ya suma ko numfashinsa ya yi wuya, 999 za ki kira. Ko da kowa ya ji sauƙi a waje, ki kira 111, lambar neman shawarar lafiya, ko ki je asibiti ki faɗa musu ƙarara cewa kina zargin kabon monoksaid, domin adadinta a cikin jini yana raguwa da zarar mutum ya fara shaƙar iska mai kyau, kuma jinkiri yana sa gwajin ya kasa nuna ainihin abin da ya faru.

Game da Mama kuwa, ra'ayina kai tsaye shi ne kada kowa ya kwana a ɗakin da irin wannan murhu mai buɗaɗɗen gaba yake ci. Mai barci ba ya jin ciwon kai balle ya tashi ya nemi taimako. Idan babu wani ɗakin, a kashe murhun gaba ɗaya tun kafin ta kwanta, a ƙara mata bargo, ko a sama mata hitar lantarki mai mai a ciki. Ki kuma lura da launin wutar, domin an san cewa wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, rawaya kuwa alamar matsala ce.

Malam Mai Gyara, Manchester

Allah ya saka wa waɗanda suka riga ni da alheri. Aikina ke nan, gyaran na'urorin ɗumama gida, don haka zan ƙara bayani, kuma da izinin Anti zan gyara magana guda ɗaya. Maganar shuɗiyar wuta gaskiya ce a kukar girki da tsofaffin hitocin gas, amma irin murhun da Malama ta kwatanta, mai garwashin ado, da gangan aka ƙera shi ya ba da harshen wuta rawaya domin ya yi kama da wutar gawayi. Yawanci yakan fara da shuɗi, bayan 'yan mintoci ya koma rawaya. Saboda haka launi kaɗai ba zai gaya miki komai ba a wannan murhun. Abin da za ki lura da shi shi ne kunkunniya ko baƙin tabo a bangon da ke saman murhun, ko garwashin ya yi baƙi ƙirin yana zubar da gari, ko gilashin tagogin falo ya riƙa yin gumi fiye da yadda aka saba idan an kunna, ko kuma wutar ta riƙa mutuwa da kanta.

Murhun gas a gidajen nan iri uku ne. Akwai mai rufaffen gilashi wanda yake janyo iska daga waje ya kuma mayar da hayaƙinsa waje ta bututun da ya ratsa bango, wanda shi ne mafi aminci. Akwai marar bututu kwata-kwata, wanda ya dogara da wata na'ura a cikinsa da kuma ƙofar iska ta dindindin. Sai irin naki, wanda yake shan iskar cikin falon, hayaƙinsa kuma ya hau ta tsohon bututun gidan. Ƙona mita ɗaya ta gas a ma'aunin kubik yana cin kusan mita goma na iska, kuma ta wannan ƙofar mai raga ce iskar ke shigowa ta maye gurbin wadda ta hau sama. Idan aka liƙe ta, bututun zai rasa ƙarfin jan hayaƙi, hayaƙin ya riƙa dawowa cikin ɗaki. Ko fankar zuƙe hayaƙi ta kicin, idan tana da ƙarfi kuma gidan a rufe yake ruf, tana iya janyo hayaƙin ƙasa, shi ya sa muke yin gwajinmu fankar tana kashe sannan mu sake yi tana kunne. Tsohon bututu kuma yana iya toshewa da sheƙar tsuntsu ko ɓaraguzan bulo ba tare da an ga komai daga falo ba, kuma sai da gwajin hayaƙi ake gane hakan.

Yadda ake kunnawa ba shi da wuya, zan bayyana shi domin ki fahimci abin da za a nuna miki, ba domin ki gwada yau ba. Ana danna makunnin ciki, a murɗa shi hagu zuwa alamar tartsatsi har a ji ƙara kamar ta laita, sai wata 'yar ƙaramar wuta da ake kira failot ta kama a gefe. Ana ci gaba da danne makunnin na daƙiƙa 10 zuwa 20, domin akwai wani ɗan ƙarfe a cikin wutar wanda sai ya yi zafi yake riƙe hanyar gas a buɗe. Idan aka saki makunnin ƙaramar wutar ta zauna, sai a murɗa zuwa babbar wuta, daga baya a rage. Idan ba ta kama ba, ko ta mutu, a mayar da makunnin wurin kashewa a jira aƙalla minti biyar kafin a sake gwadawa, domin gas ɗin da ya taru ya watse, kuma kada a kai fuska kusa ko a nemi taimaka mata da ashana.

Abin da nake so ki riƙe sosai shi ne wannan: a murhunan zamani an ƙera ƙaramar wutar ne yadda za ta mutu da kanta idan oksijin ɗin ɗakin ya ragu daga kashi 21 cikin ɗari da aka saba zuwa wajen kashi 18, ta yanke gas ɗin baki ɗaya. Don haka murhun da ke yawan mutuwa yana iya kasancewa yana kare ku ne daga wani abu, kuma bai kamata a yi ta sake kunna shi ba, balle a tokare makunnin da wani abu. A kashe shi a kira mai gyara. Idan ya zo ki nemi katinsa na Gas Safe, ki duba hoton da kwanan watan ƙarewarsa, sannan ki juya bayansa ki ga ko an rubuta cewa ya cancanci aikin murhun gas, domin wani yana da izinin taɓa tukunyar ɗumama ruwa amma ba shi da na murhu.

Garwashin kuma kada a canza masa zama. Kowane ɗaya yana da wurinsa a cikin littafin kamfanin, kuma idan yaro ya hargitsa su, ko aka ƙara wasu, wutar za ta riƙa dukan inda bai kamata ba ta yi kunkunniya. A bayan murfin ƙarfen nan akwai ɗan allo mai ɗauke da sunan kamfani da samfurin murhun da wata lamba mai farawa da GC, kuma da su za ki iya samun littafin a intanet.

Maman Biyu, Leeds

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maigidana ya karanta, ya kuma haƙura da maganar liƙe ƙofar iskar. Ejan ya turo takardar, kwanan watanta bai wuce ba, amma tukunyar ɗumama ruwa da kukar kicin kaɗai na gani a jerin, babu murhun falo. Na kuma duba, ƙararrawar da ke gidan ta hayaƙi ce, tana kan matakala. Yanzu mene ne mataki na gaba idan ya ce takardar ta wadatar? Sannan ina da wata tambaya: idan an gyara komai, zan iya ɗora gawayin turaren wuta a kan murhun ya kama, kamar yadda muke yi a kan kuka?

Baban Sadik, Bradford

Takardar ba ta wadatar ba, 'yar'uwa. Tunda murhun na mamallakin gidan ne kuma yana haɗe da layin gas, dole ya shiga cikin binciken shekara, kuma rashin sunansa a takardar yana nufin babu wata shaida cewa an duba shi ko an duba bututunsa. Ki sake rubuta wa ejan cikin ladabi, ki ce ba za ki yi amfani da murhun ba sai an gwada shi an ba ki sabuwar takarda, ko kuma a yanke masa gas a toshe bututun gas ɗin idan ba sa son ɗaukar nauyinsa. Ki haɗa da buƙatar a sanya ƙararrawar kabon monoksaid a falon. Idan suka yi biris, hukumar kiyaye lafiya da hana haɗari, wato HSE, ce ke kula da dokar binciken gas, sashen kula da gidajen haya na kansul ɗinku kuma shi ke da ikon tilasta sanya ƙararrawa. Na san da yawa daga cikinmu muna jin nauyin matsa wa mai gida lamba, musamman wanda bai daɗe da zuwa ba kuma ya sha wahala kafin ya sami gidan, amma wannan buƙata ce ta yau da kullum da kowane ejan ya san da ita.

Ni da zan ba ki shawara, kada ki jira su a kan ƙararrawar. Ana sayar da ita a manyan kantuna da shagunan kayan gini, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Ki tabbata an rubuta lambar inganci ta EN 50291 a jikinta, ki ajiye ta tsakanin mita ɗaya zuwa uku daga murhun, a sama daidai tsayin kai ko fiye, ba a bayan labule ko cikin kabad ba, kuma ba dab da taga ko ƙofar iskar ba. Ki riƙa danna maɓallin gwajinta lokaci zuwa lokaci, ki kuma duba ranar ƙarewar aikinta, domin yawancinsu shekara bakwai zuwa goma suke yi.

Hajiya Mai Turare, Sheffield

'Yata, bari in amsa miki ta turaren, tunda mazan sun bar mana ita. Kada ki ɗora komai a cikin wannan murhun, ko gawayi ne, ko takarda, ko itacen turare. Ba a yi shi don ƙona wani abu ban da gas ba, kuma toka da ƙaron turare suna toshe ƙananan ramukan da wutar ke fitowa, su lalata garwashin adon da Malam ya ce kada a taɓa. Shi kansa gawayin yana fitar da wannan iska mai guba da Anti ta yi bayani, kuma gidajen nan ba kamar namu na gida ba ne masu tsakar gida da iska ke kaɗawa, a rufe suke ko'ina. Ni na koma amfani da kaskon lantarki, yana fitar da ƙamshin yadda ake so ba tare da garwashi ba. Ranar da kika ga dole sai gawayi, ki yi amfani da ƙwaya ɗaya, ki buɗe taga, ki kashe shi da ruwa idan kin gama.

Akwai kuma abin da ba a taɓo ba, wato tufafinmu. Abaya, da dogon hijabi, da zani, da jallabiyar maigida, duk suna da yalwa kuma da yawansu yadin roba ne mai saurin kamawa, ga shi murhunki ba shi da gilashi. Mutum yakan juya wa wuta baya don ya ji ɗumi, ko ya miƙa hannu ya ɗauko wani abu a kan kantar da ke samanta, gefen rigarsa ya shiga ba tare da ya sani ba. Ki kwashe duk abin da ake yawan ɗauka daga kan kantar, kada a shimfiɗa dardumar salla dab da murhun, kada kuma a shanya kayan yara a gabansa. Domin mai rarrafen, ki sayi shingen ƙarfe irin wanda yake kewaye murhun gaba ɗaya kuma ake ɗaure shi a jikin bango, ba wanda ake jinginawa ba, domin yaro yana dafa shi zai faɗi tare da shi. Ƙarfen murhun yana daɗewa da zafi bayan an kashe, saboda haka shingen ya zauna a wurinsa ko da wutar ba ta ci.

Ranar da mai gyaran ya zo, ki ce ya nuna miki inda mitar gas take da hannun da ake rufe gas ɗin gidan gaba ɗaya. Idan hannun yana miƙe daidai da bututu, a buɗe yake, idan aka juya shi ya gitta bututun, an rufe. Gas ɗin da ke zuwa ta bututu a nan ya fi iska rashin nauyi, sama yake tashi, ba kamar na silindar da muka saba da ita a gida ba wanda yake kwanciya a ƙasa, amma dukansu an sa musu wari da gangan domin a gane yoyo. Duk ranar da kika ji warin, kada ki kunna ko ki kashe fitila, kada ki kyasta komai, ki buɗe tagogi, ki rufe hannun nan idan mitar ba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take ba, ki fita da yaran, sannan ki kira lambar da Anti ta ba ki daga waje.